Ƙanwata mai shuka a taga, ni ma an yi min

Assalamu alaikum. Ƙanwata da kika ce kina haya a saman bene a nan Garwa ta Kamaru, kin dasa na'ana'a da tumatir a bakin taga sau biyu suna bushewa, ga mai gida ya fara ƙorafi, wallahi da na karanta sai na ji kamar ni na rubuta. Shekarata shida a ɗakin sama, ba tsakar gida, sai taga uku.

Wace taga ce tukuna? In mai kallon yamma ce, ba hannunki ba ne, rana ce. Kin dai san Maris da Afrilu a garin nan, zafi ya haura 40, daga azahar zuwa la'asar bango kamar tanda. Ki mai da su tagar gabas su sha hantsi kawai. Tumatir kuwa ki haƙura da shi yanzu, in zafi ya wuce 35 furensa zubewa yake yi ko da safe da yamma kike shayar da shi. Sai wajen Nuwamba.

Maganar mai gidan ce ta tayar min da tsohon miki. Na'ana'ata ta farko daga gidanmu na Marwa na zo da ita, reshe uku a jiƙaƙƙen tsumma, cikin wadda Innarmu take dasawa a gindin randa, Allah Ya jiƙanta. Na raba jarkar mai ta lita 20 gida biyu, na huda gindin da ƙusa mai zafi, na ɗaure a ƙarfen taga ta waje. Ta yi kyau har masu wucewa suna ɗaga kai. Ashe duk ruwan da nake zubawa ta hudar yake fita da ƙasa, ya bi bango, ya ɗiga kan shanyar matar da ke ƙasa da ni. Baiwar Allahn nan ba ta taɓa hawowa ta ce min uffan ba. Kullum muna gaisawa, har naman layya na aika mata. Sai da ta ga na tafi biki Marwa na kwana huɗu ta kira mai gida, shi kuma ya turo yaronsa da tsani ya yanke igiyoyin. Na dawo na tarar da jarkokina a bakin kwata, ƙasa a warwatse, awakin unguwa sun gama da abin da ya rage. Ko saiwa ɗaya ban samu ba. Na tsuguna a wurin da kayan biki a jikina ina tona ƙasa da hannu, ita kuma ta leƙo tana ce min "sannu da dawowa, ya hanya?" Ya hanya! Na ɓata bango, ban musa ba, sefa dubu 15 ɗin fenti da ya cire a kuɗin ajiyata ma ban yi gardama ba. Amma matakala goma sha biyu ce tsakanina da ita. Har yau in na ji ƙamshin na'ana'a a shayi sai na tuna muryar nan tata.

To ke kada ki jira a yi miki haka. Ki shigo da su ta cikin ƙarfe, ki sa tsohon tire a ƙasa ya tare ruwa, amma ki riƙa zubarwa, kada ki yi kiwon sauro a kan gadon yara. In dole sai ta waje, da waya za ki ɗaure, igiyar leda rana tana cinye ta, kuma rabin jarka da jiƙaƙƙiyar ƙasa ya kusa kilo 15, ga yara suna wasa a ƙasa. Ki kira mai gidan ya gani da idonsa. Ki sauka ki tambayi ta ƙasa ko ana ɗiga mata, ki riƙe mata ɗan ganye a hannu.

Ƙasa kuma ban da laka zalla, daskarewa take yi ta shaƙe saiwa. Ina haɗa yashin kogin Binuwai da baƙar ƙasa da takin awaki wanda ya daɗe ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji ƙona min ɗoɗɗoya ya yi a kwana uku. Na'ana'a ki ba ta jarkarta ita kaɗai, ba ta zaman kishi, duk abin da kika haɗa ta da shi sai ta mamaye. Albasa mai lawashi ta fi komai sauƙi, gindin da kika yanke a kicin ki soka a ƙasa kawai. Ranar da aka ɗauke famfo ruwan alwala da na wankin shinkafa nake tara musu, ban da na omo. Lokacin hunturu ki riƙa ɗauraye musu ƙura, in kin ga fararen ƙwari a bayan ganye ki jiƙa ganyen darbejiya ya kwana ki yayyafa da yamma.

Matar nan da ke ƙasa da ni ta tashi bara, ko sallama ba mu yi ba. Yayata ta sake kawo min reshe daga gindin randar nan, yanzu jarka biyu ce cike, ta ciki. In kina kusa da unguwar Yelwa ki yi min magana in yanko miki, amma ki fara gaya min inda tagarki ke kallo.