Me Ke Fito Da Mutane Kan Titi Idan Ana Tattauna Ciniki Maras Shinge?

Tambaya: Malam, na sha jin masana tattalin arziki suna cewa cire harajin kwastan tsakanin ƙasashe yana rage tsadar kaya, kowa ya amfana. To me ya sa dubban mutane ke zanga-zanga idan aka zauna ƙulla irin wannan yarjejeniya? Kuma zanga-zangar tana hana wani abu kuwa?

Amsa: Maganar masanan tana da gaskiya idan ƙasa gaba ɗaya aka ɗora a sikeli. Sai dai ribar tana warwatsuwa kaɗan-kaɗan a aljihun miliyoyin masu saye, asarar kuwa tana faɗowa a dunƙule a kan wasu tsiraru, kamar ma'aikatan masana'antar da aka rufe da manomin da kayan waje suka karya wa farashi. Wanda ya sami rangwame a kuɗin riga ba zai fito titi ya yi godiya ba. Wanda ya rasa hanyar abincinsa zai fito.

A noma ne ciwon ya fi zafi, domin ƙasashe masu arziki suna ba manomansu tallafi mai yawa, sannan su nemi wasu su buɗe musu kasuwa. A ganina wannan zalunci ne tsagwaronsa. Ranar 1 ga Janairu 1994, ranar da yarjejeniyar NAFTA tsakanin Amurka da Kanada da Meziko ta fara aiki, a ranar ce 'yan tawayen Zapatista suka ɗauki makami a jihar Chiapas ta Meziko, inda ƙananan manoman masara ke ganin za a haɗa su gasa da masarar Amurka mai tallafi. A 2003, a taron Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, a birnin Cancún na Meziko, Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali sun kai kukansu a kan tallafin audugar da ke karya manomansu. A wajen zauren, wani jagoran manoma daga Koriya ta Kudu, Lee Kyung-hae, ya daɓa wa kansa wuƙa a gaban shingen 'yan sanda, ya mutu.

Akwai kuma batun ɓoye-ɓoye. A ɗaki ake tattaunawar, jama'a ba su ganin daftarin sai an kusa sa hannu, alhali abin da ke ciki ya wuce haraji, ya taɓo ingancin abinci da farashin magani da haƙƙin ma'aikata. Da yawa daga cikin yarjejeniyoyin suna ba kamfanin waje damar kai gwamnati ƙara gaban kwamitin sasanci mai zaman kansa idan wata doka ta taɓa jarinsa. Ta irin wannan hanya kamfanin sigari na Philip Morris ya kai Uruguay da Ostireliya ƙara a kan dokokin kwalin sigari. Bai yi nasara ba, amma ya tsorata mutane. Wannan tsoro yana cikin abin da ya fito da aƙalla mutum 150,000 a Berlin a Oktoba 2015 don ƙin yarjejeniyar TTIP tsakanin Amurka da Tarayyar Turai.

Ko tana hanawa? Tana tasiri idan ta tarar bango ya riga ya tsage. A birnin Seattle na Amurka a ƙarshen 1999, mutum wajen 40,000 sun toshe hanyoyi har aka fasa bikin buɗe taron WTO, aka sa dokar hana fita. Taron ya watse ba tare da matsaya ba, amma a cikin zauren ma wakilan Afirka da na Karebiyan sun fusata da yadda ake ware su ana yanke shawara a ƙaramin ɗaki, ga kuma saɓanin Amurka da Turai a kan noma. Hayaniyar waje ta ba su ƙarfin gwiwar cewa a'a.

TTIP ta tsaya cak tun ƙarshen 2016. Indiya ta fice daga tattaunawar RCEP, yarjejeniyar ciniki ta ƙasashen yankin Asiya da Fasifik, a Nuwamba 2019, bayan matsin manoma da masu sana'ar madara. Yankin Wallonia na Beljiyam kuwa ya riƙe yarjejeniyar CETA tsakanin Tarayyar Turai da Kanada na 'yan kwanaki a Oktoba 2016, ya sami wasu alkawura a rubuce, aka sa hannu ranar 30 ga watan.