Tambaya da Amsa: An ce kiɗan rok da littattafan Spider-Man sun jefa ni ƙungiyar asiri

TAMBAYA

Assalamu alaikum Dakta. Shekarata 19, ina aji biyu a jami'a. Tun ina firamare nake karanta littattafan zane na jarumai, kuma a wurina babu kamar Spider-Man, shi Batman kuɗi ne kawai ke ɗauke da shi. Kiɗa kuwa rok nake ji, su Linkin Park da Metallica da Jimi Hendrix. Wata biyu da suka wuce aka turo wa yayana bidiyo a WhatsApp, wai in an juya waƙoƙin nan ta baya ana jin kiran Shaiɗan, wai kuma alamar yatsun da mawaƙan ke ɗagawa ita ce Spider-Man ke yi in zai harba zarensa. Ya kwashe littattafaina ya cinna musu wuta. Abin da ya fi tayar min da hankali, mako uku ke nan kunnena na dama yana wata ƙara, wiii, musamman da dare. A gida an ce saƙon ne ya fara aiki, har ana shirin kai ni wurin wani mai hayaƙi. Na saurari bidiyon da kaina, kuma wallahi na ji kalmomin. Dakta, ko dai na cuci kaina ban sani ba?

Wani ɗalibi daga Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Ka kwantar da hankalinka, babu ƙungiyar da ka shiga, babu kuma saƙon da ke aiki a kanka. Amma kunnen nan naka yana bukatar likita a cikin makon nan, don haka da shi zan fara.

Ƙarar da kake ji ita ce kukan kunnen da aka gallaba da amo. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kamar gashi, su ke karɓar sauti, kuma wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya jin sauti mai ƙarfin desibel 80 na tsawon awa 40 a mako ba tare da illa ba, amma da zarar ya kai 90 sai lokacin ya dawo awa 4 kacal. Iyafis a waya in an ƙure shi yana iya wuce 100. Na san yadda kuke yi: janareton maƙwabta na ruri, ko kana cikin a-daidaita-sahu, sai ka ƙara murya don ka danne hayaniyar, ka kuma yi barci da abin a kunne. Mawaƙan da kake so ma ba su tsira ba. Lars Ulrich, mai gangunan Metallica, ya faɗa da bakinsa cewa ya daɗe yana fama da wannan ƙara, kuma a 2016 sai da Brian Johnson, mawaƙin ƙungiyar AC/DC, ya dakatar da yawon wasa bayan likitoci sun gargaɗe shi cewa zai iya kurmancewa. Ka ajiye iyafis tukuna, ka je sashen kunne, hanci da maƙogwaro a yi maka gwajin ji. Tunda kunne ɗaya ne, kada ka yi jinkiri, domin likita zai so ya tabbatar ba wani abin ne daban ba. Kada ka bari a ɗiga maka mai ko ruwan wani ganye. In ka dawo sauraro, kada murya ta wuce kashi 60 cikin 100.

Yanzu ga maganar bidiyon, wadda na gaji da ita, don kusan kowane mako sai an shigo min da ita ofis.

Ka ce ka ji kalmomin da kunnenka. Na yarda ka ji. Amma ka tuna da kyau: kafin sautin ya fara, ba a rubuto maka kalmomin a fuskar waya ba? Duk bidiyon nan haka suke, sai sun faɗa maka abin da za ka ji kafin su kunna. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta son sautin da ba shi da ma'ana, in ka miƙa mata kalma sai ta liƙa ta a kan ƙarar. Shi ya sa yaro kan ji sunansa a kukan kurciya da zarar an ce masa shi take kira. A 1985 wasu masana biyu a Jami'ar Lethbridge ta ƙasar Kanada, John Vokey da Don Read, sun gwada wannan abu. Sun ɗauki maganganu suka juya su ta baya suka kunna wa mutane. Mutanen sun iya gane mace ce ke magana ko namiji, amma da aka ce su ware wanne ne addu'a, wanne ne talla, wanne ne zancen Shaiɗan, amsarsu ba ta fi ta mai canki-canka ba. Da aka fara gaya musu jimlar da za su saurara kuwa, sai ga shi suna ji.

Ni ma ina yin irin wannan a ofis. Kwanaki wata uwa ta kawo min ɗanta a kan wannan batu, hankalinta a tashe, carbi a hannu. Na ce ta faɗi abin da ta dafa jiya a cikin wayata. Na juya muryar ta baya na kunna mata, ta ce surutu ne kawai. Na rubuta wata kalma a takarda na miƙa mata, na sake kunnawa. Sai ta dafe ƙirji ta ce ga ta nan ta ji. Muryarta ce, maganar miyar kuka take yi. Ta daɗe shiru tana kallon yaron, sannan ta tambaye shi ko ya ci abinci.

Maganar ta je har kotu. A 1990 a birnin Reno na jihar Nebada a Amurka, iyayen wasu samari biyu da suka harbi kansu sun kai ƙarar ƙungiyar mawaƙan rok ta Judas Priest, wai ɓoyayyen umarni a cikin faifai ne ya tura 'ya'yansu. Aka kawo masana sauti, aka bi waƙar dalla-dalla. Alƙali ya yanke cewa abin da ake ji haɗuwar numfashin mawaƙi ne da ƙarar jita, ba da gangan aka sa ba, ya kuma wanke su. Gaskiya ne akwai mawaƙan da suka saka sautin baibai da gangan don ado, tun ƙungiyar Beatles a 1966. In ka ji shi ta gaba, gwalantu ne kawai, ba ya shiga zuciyar kowa ya ba shi umarni.

Alamar yatsun fa? Wanda ya yaɗa ta a duniyar rok shi ne Ronnie James Dio bayan ya shiga ƙungiyar mawaƙa ta Black Sabbath a 1979, kuma ya sha faɗa cewa wurin kakarsa 'yar asalin Italiya ya gan ta, tana yi don kore kambun baka. Ta Spider-Man kuwa kai ka fi ni sani: maɓallin na'urar zaren a tafin hannunsa yake, da yatsu biyu na tsakiya yake danna shi, haka Steve Ditko, mai zanensa na farko, ya zana tun shekarun 1960. Ita kuma ƙungiyar asiri ta Illuminati da ake rataya wa komai, Adam Weishaupt ne ya kafa ta a Baberiya ta ƙasar Jamus a 1776, hukuma ta murƙushe ta kafin ta cika shekara goma.

Abin da ke ƙona min rai shi ne wannan tsoro ba namu ba ne. Gwanjonsa aka kawo mana. Masu wa'azin talabijin na Amurka ne suka yi kasuwarsa a shekarun 1980, can ya tsufa ya mutu, sai wasu suka kwaso shi suka ɗora masa muryar Hausa suna neman mabiya a intanet. Littattafan zane ma an yi musu irin wannan. A 1948 an tara yara a garin Binghamton na jihar Niyok suka ƙona littattafansu a filin makaranta. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya fitar da littafi yana cewa su ke mayar da yara ɓata-gari, ya ba da shaida gaban kwamitin majalisar dattawa, kamfanoni suka tsorata suka kafa hukumar tace kansu. Bayan an buɗe takardunsa ga masu bincike, Carol Tilley ta Jami'ar Illinois ta bi su ɗaya bayan ɗaya, a 2012 ta nuna cewa ya sauya shekarun wasu yaran, ya haɗa maganar yara da yawa ya mai da ta ta mutum ɗaya, ya kuma ɓoye halin da gidajensu ke ciki na duka da shaye-shaye. An bar jaki ana dukan taiki, har kusan shekara sittin.

Kada wani ya ce min ai ji-ta-ji-ta ce kawai, me za ta yi. A 1993 an kashe yara uku 'yan shekara takwas a garin West Memphis na jihar Arkansas. Aka kama samari uku, cikin abin da aka kafa hujja da shi har da baƙaƙen kaya da jin Metallica. Aka yanke wa ɗaya hukuncin kisa. Sai a 2011 suka fito, bayan shekara 18, kuma gwajin ƙwayoyin halitta bai haɗa su da wurin kisan ba. A nan gida kuwa na ga yaro ɗan shekara 16 da aka kulle a ɗaki da hayaƙin barkono, bayansa duk shatar bulala, an tsiyaya masa mai mai ɗumi a kunne don a fitar da abin da wai waƙa ta saka. Da aka duba, ciwon kunne ne na yau da kullum, da magani na kwana kaɗan zai warke. Ya warke daga ciwon, amma har yau ba ya yarda ya zauna ɗaki ɗaya da mahaifinsa. Mai hayaƙin ya karɓi kuɗinsa da rago, babu wanda ya tuhume shi.

Ban ce duk abin da ke cikin rok alheri ne ba. Akwai ƙungiyoyin da ke ɗaga sunan Shaiɗan a fili, wasu don a yi maganarsu faifai ya sayu, wasu kuma da gaske, kamar waɗanda suka ƙona coci-coci a Norwe a farkon shekarun 1990. Akwai waƙoƙin ƙwaya da na batsa. Amma waɗannan ba sa ɓoyewa, ta gaba suke faɗa da babbar murya. Kana jin Turanci, ka buɗe baitocin ka karanta, wanda ya saɓa wa imaninka da tarbiyyarka ka goge shi. Littattafan ma haka, na kamfanonin DC da Marvel na zamanin nan suna da alamar shekaru a bango, kuma wasunsu ko kusa ba na ƙannenka ba ne. Hukuncin kiɗa a addini kuwa fagen malamai ne, ka tambayi malamin da ka amince da iliminsa. In ya ce ka bari, ka san a kan hujjar me ka bari. Abin da ba zan lamunta ba shi ne a jingina ƙarya ga addini don a tsorata yaro.

Batun Spider-Man da Batman, ina bayanka, ko da yake ka ɗan yi wa Batman rowa, don mutum ne da ya ga an kashe iyayensa yana yaro bai taɓa warkewa ba. Amma Peter Parker, wato Spider-Man, namu ne. Maraya ne a hannun gwaggo, kuɗin haya na bin sa, maganinta na jiran sa, ga jarrabawa gobe, ga kuma nadamar ɓarawon da ya bari ya wuce har ya kashe kawunsa. Duk labarin a kan amana yake. A 1971 ma'aikatar lafiya ta Amurka da kanta ta roƙi Stan Lee, marubucin Spider-Man, ya yi labarin illar ƙwaya, hukumar tacewa ta ƙi sa hatiminta don an ambaci ƙwaya, shi kuwa ya buga fitowa ta 96 zuwa 98 ba hatimi. Da yayanka ya buɗe ko guda ɗaya kafin ya ƙyasta ashana, da ya ga haka. Tunda kuma kana son Hendrix, in kunne ya samu sauƙi ka nemi Mdou Moctar, Ba'abzinen Nijar, shi ma bahago ne, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. A hankali za ka ji shi, ban da ƙure murya.

Akwai tambaya ɗaya da zan mayar maka. Yawancin waƙoƙin Linkin Park a kan ƙunci da kaɗaici suke. In daɗinsu kawai kake ji, shi ke nan. In kuwa ka ga barci ya ƙaurace maka, abinci ba ya shiga, ka daina zuwa aji, ko kana tunanin gara ba ka raye, ka gaya wa likita a ranar da za ka je duba kunnen. Wannan ciwon damuwa ne, yana da magani, kuma waƙa ba ita ta kawo shi ba, sau da yawa mai ciwon ne ke neman waƙar da ta yi kama da zuciyarsa.

Ku kuma iyaye da yayye, ku ji tsoron Allah a kan yaran nan. Amana ce aka ba ku. An umarce mu da mu bincika labari kafin mu yi aiki da shi, don kada mu cuci wani cikin jahilci mu dawo muna nadama, to ina binciken da aka yi a nan? Wani da ba ku san fuskarsa ba ya turo bidiyon minti uku, kun gaskata shi, kun ƙaryata yaron da kuka raina shekara 19. Yaro ya ce kunnensa na ciwo, maimakon asibiti sai ɗakin hayaƙi. Addu'a ba ta bukatar bulala, ba ta bukatar barkono, kuma ba ta hana zuwa wurin likita. Wanda ya ce sai ya daki ɗanku kafin ya warke, ku ɗauke ɗanku ku fita.

Kai kuma ɗana, kada ka yi musu da Yaya cikin fushi, tsoro ne ya sa shi, tsoron rasa ka. Ka samu Mama ita kaɗai bayan sallar isha'i, ka nuna mata wannan amsa, ka roƙe ta a fara zuwa asibiti kafin ko'ina. Ka ce Yaya ya raka ka, ya shiga da kai ɗakin gwajin, ya ga takardar sakamakon da idonsa. In kun dawo ka rubuto min abin da likitan ya ce.