Tambaya da Amsa: Ya halatta in sauke laccocin manhajar 'yanci in raba wa ɗalibaina?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni malami ne a wata makarantar Islamiyya da ke Aboabo, a nan Kumasi, kuma nakan tara wasu matasa da yammacin Asabar ina koya musu aiki da kwamfuta. Tun da na koma amfani da Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, da LibreOffice, manhajar rubutu da lissafi, nake cin karo da laccoci masu amfani a intanet kan manhajar 'yanci, sai dai duk da Turanci aka yi su, ɗalibaina kuma ba su da kuɗin datar da za su kalle su. Shin ya halatta in sauke su in raba musu a fulash? Zan iya fassara su da Hausa in ɗora a YouTube? Wani aboki ya ce in kai su laburare, amma ban ga abin da laburare zai yi da bidiyo ba.

Daga mai karatu a Aboabo, Kumasi

AMSA

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri kan wannan hidima da kake yi wa yaran Zango.

Na ji daɗi da ka ce manhajar 'yanci, ba ka ce ta kyauta ba, domin a nan mutane da yawa suke tuntuɓe. Turanci ya haɗa ma'anonin biyu a kalma guda, wato "free", Hausa kuwa ta raba su tun asali. Lokacin da Richard Stallman ya sanar da aikin GNU na gina tsarin kwamfuta mai 'yanci a 1983, sannan ya kafa gidauniyar manhajar 'yanci a birnin Boston na Amurka a 1985, farashi bai dame shi ba. Abin da ya nema wa mai amfani da manhaja shi ne izini huɗu: ya yi aiki da ita yadda ya ga dama, ya duba yadda aka rubuta ta ya gyara, ya kwafa ya ba maƙwabcinsa, ya kuma raba wadda ya gyara. Saboda haka idan ka zuba Ubuntu, wanda nau'in Linux ne, ko LibreOffice ko VLC mai kunna bidiyo a fulash ka ba ɗalibi, ba ka taka dokar kowa ba, lasisinsu ma abin da yake so ke nan.

To amma wannan izinin na manhajar ne, bai kai ga bidiyon mutumin da ya tsaya yana bayani a kanta ba. Lacca aiki ce mai zaman kanta, tana da mai ita, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Ghana ta 2005 tana kare irin waɗannan ayyuka kamar yadda take kare littafi da waƙa. Mafi yawan abin da ke YouTube yana ƙarƙashin lasisin kamfanin na yau da kullum, wanda ya ba ka damar kallo da tura wa wani adireshin bidiyon, bai ba ka damar kwashewa ka rarraba ba. Abin da za ka nema shi ne alamar Creative Commons, wato CC a taƙaice, lasisin da mai aiki yake ba jama'a izinin kwafa da shi, wanda aka fara fitarwa a 2002. Idan ka ga CC BY, kana iya kwafa da fassarawa muddin ka ambaci mai aikin. Idan CC BY-SA ne, akwai ƙarin sharaɗi, wato fassararka ma ta fita da irin wannan lasisin. Wanda ya kamata ka yi hattara da shi shi ne mai ɗauke da haruffan ND, domin ya yarda ka raba abin yadda yake amma bai yarda ka raba shi bayan ka canja shi ba, fassara kuwa canji ce. Abin mamaki, rubuce-rubucen ra'ayi da yawa na shafin GNU kansa ND ne a kansu, saboda masu su ba sa son a sa musu maganar da ba su faɗa ba a baki. Irin waɗannan sai ka rubuta wa mai aikin ka nemi izini kafin ka fassara.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗebo daga tushe. Taron FOSDEM da ake yi kowace shekara a birnin Burasels na Beljiyam yana ajiye bidiyon laccocinsa a shafinsa don kowa ya sauke, haka ma taron LibrePlanet na gidauniyar da na ambata, da tarukan CCC, ƙungiyar masana kwamfuta ta Jamus. A can za ka ga lasisin a rubuce, za ka kuma zaɓi ƙaramin fayil maimakon babba. Lacca ta awa ɗaya a matsakaicin haske takan ci ɗaruruwan megabait, ke nan fulash mai gigabait 32 zai ɗauki laccoci da dama, kuma sau ɗaya kawai za ka biya kuɗin data.

Game da fassara, zan faɗa maka ra'ayina ko da ba shi ka tambaya ba. Yawancin laccocin nan ƙwararru ne suke yi wa 'yan'uwansu ƙwararru, kuma yaron da jiya-jiya ya koyi buɗe fayil ba zai tsinci kome a cikinsu ba, ko da an juya masa su da Hausar da ta fi kowace daɗi. Ka zaɓi biyu ko uku da suke bayanin manufar abin, ka rubuta musu fassarar da ke fitowa a ƙasan hoto, VLC yana nuna ta ba tare da wahala ba. Sauran ƙarfinka ka zuba shi wajen ɗaukar naka darasin, da muryarka, da Hausar da ake yi a Aboabo da Asawase, kana nuna yadda ake rubuta takardar neman aiki a LibreOffice ko yadda mai shago a kasuwar Kejetia zai jera lissafin bashin da yake bin mutane. Minti goma ya isa. Ka ɗora a YouTube, tunda can jama'a suke, amma wajen ɗorawa ka zaɓi lasisin Creative Commons domin malamin da ke Nima ko Tamale ya iya ɗauka ba sai ya neme ka ba. Sannan ka ajiye wani kwafin a Internet Archive, rumbun adana fayiloli na intanet, ko a ɗaya daga cikin shafukan PeerTube, manhajar 'yanci ta bidiyo da ƙungiyar Framasoft ta Faransa take kula da ita. Masu tsattsauran ra'ayi a wannan fage ba sa son YouTube sam, saboda shi kansa ba manhajar 'yanci ba ne, kuma suna da hujja. Ni dai ina ganin mai talla ba ya ƙaurace wa kasuwa don rumfar ba tasa ba ce, abin da ba zai yi ba shi ne ya mai da kasuwar rumbunsa.

Abin da ya sa nake nanata batun kwafi a hannu shi ne abin da ya taɓa faruwa da ni. Na tara mutane kusan ashirin a wani aji bayan la'asar, na aro majigi, na rataya farin zane a jikin allo, na dogara da datar wayata. Mai laccar bai gama gaisuwa ba hoton ya tsaya cak, ɗan da'irar nan ta kama juyawa a tsakiyar fuskarsa, muka zuba mata ido har wani dattijo da ya rako jikansa ya tambaye ni ko Baturen addu'a yake yi. Kafin intanet ta dawo an ɗauke wuta. Da bidiyon yana cikin kwamfutar, da ko a kan batir mun ƙarasa, kowa ya matso kusa.

A nan shawarar abokinka ta shigo, kuma ya yi gaskiya. Laburare yana da abubuwan da kai ba ka da su: kujeru, wuri mai natsuwa da iyaye za su yarda 'ya'yansu mata su je, da ma'aikaci wanda aikinsa shi ne ya adana abu ya kuma fito da shi idan an nema bayan shekara biyar. Hukumar laburare ta ƙasar nan ta samo asali tun 1950, zamanin Gold Coast, kuma babban laburaren yankin Ashanti yana harabar cibiyar al'adu ta Kumasi, tafiyar trotro ce kawai daga unguwarku. Kada ka je da fulash tsirara ka miƙa a kan kanta, domin ma'aikacin da ya san aikinsa ba zai cusa abin da bai sani ba a kwamfutar gwamnati, yana tsoron ƙwayar cuta da kuma rigimar haƙƙin mallaka. Ka rubuta wa shugaban laburaren wasiƙa da sunan makarantarku, ka haɗa da takarda mai nuna sunan kowace lacca, mai ita, tsawonta da lasisinta, ka kuma nemi a ba ka lokaci ka nuna masa da kanka. Idan ka ambaci Koha wataƙila fuskarsa ta saki, domin manhajar 'yanci ce ta tsara littattafai da aka fara rubutawa don wani laburare a Niyu Zilan a 1999, kuma ma'aikatan laburare da yawa sun san ta.

Ka ƙara da Kiwix a cikin kayan. Ita ce manhajar da ke buɗe Wikipedia ba tare da intanet ba, kuma akwai fayil ɗin Wikipedia ta Hausa, wanda bai kai na Turanci nauyi ko kusa ba. Wanda ya kalli darasinka ya ji kalmar da bai gane ba zai iya dubawa nan take a kan kwamfuta ɗaya.

Idan kana son dalilin da za ka rataya buƙatarka a kai, ana bikin ranar 'yancin manhaja a faɗin duniya a Asabar ta uku ta watan Satumba, tun daga 2004 ake yin ta. Ka nemi a ba ka ɗaki a wannan ranar, ka shigar da wasiƙar da wuri tunda amsar ofis ba ta gaggawa, ka kuma gaya wa ɗalibanka kowa ya zo da fulash ɗinsa ko katin ajiya na waya, domin su koma gida da abin da suka kalla.