Tambayi Likita: Ina zan samu abokan sassarfa?

Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan gudun motsa jiki suka zo. Na zaɓi huɗu daga ciki.

Tambaya: Likita, shekaruna 43, ina aikin ofis a Kano. Sau uku ina fara fita gudu da safe, ba na cika mako biyu sai in watsar. Ina zan samu waɗanda za mu riƙa fita tare?

Amsa: Malam, ba ragwanci ne ya dame ka ba. Bargo da sanyin asuba sukan rinjayi mutum idan shi kaɗai ne, amma ranar da ka san wani na tsaye a ƙofar gidanka yana jira, kunya kaɗai ta isa ta fito da kai. Na sha ganin haka a wurin marasa lafiyata. Waɗanda suke ɗorewa, in na tambaye su, yawanci akwai maƙwabci ko abokin aiki da suke fita tare.

Fara da masallacin unguwarku. Bayan an idar da sallar asuba duba waɗanda ke sa takalmin kambas, ka yi musu sallama ka ce kana so ka bi su. In babu, je wajen filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata ko filin sukuwa da safiyar Asabar. A Kaduna akwai dandalin Murtala. Duk ayarin da ka gani, tambaye su ranakun fitarsu, ko suna da zauren WhatsApp, sannan ko suna jiran wanda aka bari a baya. Wannan ta ƙarshen ita ce ma'aunin ayari na gari. In ba ka samu ba, kafa naka da mutum biyu. Shirin parkrun na Ingila, inda ake gudun kilomita 5 kyauta kowace Asabar, da mutum 13 ya fara a wani lambu a Landan a 2004, yau ga shi a ƙasashe da dama.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, kamar tafiya da sauri, ko minti 75 na mai ƙarfi kamar gudu. Fita gudu uku a mako, minti 25 kowacce, ka cika adadin.

Tambaya: Ina da hawan jini da ciwon suga, shekaruna 56. Samarin unguwa sun gayyace ni gudu. Ba hatsari?

Amsa: Alhaji, motsa jiki na daga cikin maganin cututtukan nan biyu, yana sauke jini kuma yana sa jiki ya fi sarrafa suga. Amma a nan ne nake tsoron ayari, domin ayari na jawo gasa, kuma babba ba ya son yaro ya ga gazawarsa. Ina roƙonka kada ka yi tsere da ɗan shekara 20.

Ka fara ganin likitanka ya auna jininka ya duba zuciyarka. In awon ya kai 180/110, a ajiye maganar gudu sai an daidaita shi. In ya ba ka izini, makonnin farko tafiya da sauri za ka yi, daga baya ka riƙa sassarfa minti ɗaya, tafiya minti biyu. Ga awon da ba ya buƙatar na'ura: in kana iya hira da na kusa da kai ba tare da haki ya katse maka magana ba, saurinka ya yi daidai.

In kana allurar insulin ko kana shan maganin ciwon suga irin su glibenclamide, suganka na iya faɗuwa ana tsaka da tafiya. Sa dabino uku ko sukarin shayi a aljihu, ka gaya wa mutum ɗaya a cikinsu alamun: rawar jiki, gumi mai sanyi, jiri, magana ta fara rikicewa. Wannan shi ne babban amfanin fita da jama'a ga irinka, domin wanda suga ya faɗi masa wani lokaci ba ya gane halin da yake ciki. Ciwon ƙirji ko numfashi da ya sarƙe kuwa, a tsaya nan take, a wuce asibiti. In ka dawo gida ka duba tafin ƙafarka da tsakanin yatsu, ko takalmi ya ji maka ba ka sani ba.

Tambaya: Ni matar aure ce a Zariya, na haihu wata biyu da suka wuce. Ina son rage ƙiba amma ina jin nauyin a gan ni ina gudu a titi.

Amsa: Barka da arziki, 'yar'uwa, Allah ya raya. Ba sai a titi ba. Ki nemi mata uku ko huɗu, 'yan Islamiyyarku ko maƙwabta, ku yi magana da shugabar wata makaranta mai katanga ta ba ku fili da safiyar Asabar da Lahadi. Hijabi marar nauyi da dogon wando mai faɗi sun wadatar. Mai jego da ke wuni a ɗaka ita da jariri tana buƙatar wannan fitar ko don hirar, saboda kaɗaici na ƙara damuwar bayan haihuwa. Yanzu dai tafiya za ki yi. Gudu ki bari sai kin kai wata uku, in tiyata aka yi miki kuma sai likita ya duba ki. In fitsari na kuɓuce miki lokacin tari ko tsalle, ki faɗa a asibiti, akwai atisayen da ke gyara shi.

Tambaya: An ce gudu na cinye gwiwa. Kuma ina da asma, ga hunturu ya shigo.

Amsa: Gudu daidai gwargwado ba ya lalata lafiyayyar gwiwa. Abin da ke jawo ciwo shi ne ƙara nisa farat ɗaya don kada abokai su wuce ka, da kuma takalmin da dunduniyarsa ta ƙare. Batun asma ya fi damuna. Ranar da hazo ya yi kauri ka zauna gida, ko da sun kira ka sau goma. Sauran ranaku ka ɗumama jiki na minti 10 kafin ka fara, ku kauce wa manyan tituna masu hayaƙin mota, kuma abin shaƙarka ya kasance a aljihun da abokin tafiyarka ya sani.