Matata ta ƙi yarda a yi mata aiki

Tambaya: Assalamu alaikum. Matata Bayarbiya ce, cikinta wata takwas. Hoton ciki ya nuna mabiyiya ta toshe bakin mahaifa, likita ya ce sai an yi mata aiki. Ita ta ce sam, mahaifiyarta kuma na son kai ta wajen ungozoma a ba ta agbo, wato jiƙon gargajiya na Yarbawa. Yaya zan yi?
Wani magidanci, Agege

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, fara da gano abin da take tsoro. A cikin Yarbawa, kamar yadda yake a gidajenmu, akwai masu ganin wadda aka yi wa aiki raguwa ce, ko an yi mata asiri. Wasu kuɗin suke ji, wasu kuma sun san wadda ta shiga tiyata ba ta fito ba. Sau da yawa irin waɗannan sai da suka kwana biyu suna naƙuda a wani wuri, jini ya ƙare, sannan aka kawo su asibiti.

Matsalar matarka ba ta jira ba ce. Mabiyiya ta zauna a ƙofar da ɗan zai bi. Da zarar bakin mahaifa ya fara buɗewa za ta ɓamɓare, jini ya ɓalle, kuma babu jiƙon da ke gusar da ita. Kada a bari kowa ya sa mata hannu don duba buɗewa, hakan kaɗai na iya jawo zubar jini. Ku ƙaurace wa kwanciyar aure. Ko ɗigon jini ta gani, ko da ba ciwo, ku kama hanyar asibitin da ke da bankin jini, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Legas (LASUTH) da ke Ikeja. Ka san cunkoson Legas, ka tanadi mota da mai ba da jini tun yanzu.

Akan sa ranar aikin a mako na 36 zuwa 37, kafin naƙuda ta taso. Za ta daina cin abinci awa shida zuwa takwas, a sa mata robar fitsari. Galibi allurar kashe zafi ake yi a baya, idonta biyu, ta ji kukan ɗanta. Aikin kan ɗauki kusan awa ɗaya, ta kwana uku ko huɗu a sallame ta. Bayan nan a kiyaye: gasa ciki da ruwan zafi da tawul, da iyaye mata ke yi wa mai jego, bai dace da wurin ɗinki ba. Ta huta wata 18 zuwa 24 kafin wani ciki.

Ita za ta sa hannu a takardar amincewa, don haka tilas ba zai yi ba. Ka ɗauki surukarka ku je awo tare, likita ya nuna wa Mama hoton, ya yi mata bayani da Yarbanci. Ka kuma tambaya ko asibitin na cikin shirin tiyatar haihuwa kyauta ga marasa ƙarfi da Gwamnatin Tarayya ta sanar a Nuwamban 2024.