Tsirran kan dutse ma ƙaura suke yi

Malam, ka tambaya ko ɗumamar yanayi na taɓa tsirran manyan duwatsu, tunda can sanyi ne. Sosai kuwa. Duk hawan mita 1,000, zafi na raguwa da kusan digiri 6, shi ya sa shayi ke yi a kan tsaunin Mambila amma ba ya yi a nan Katsina. To idan ƙasa ta ɗumama, tsirran gindin dutse sai su riƙa haurawa sama, su mamaye wurin masu son sanyi. Na kan ƙololuwa fa, ina za su je? Nan abin yake damuna. Dubi dutsen Kilimanjaro a Tanzaniya: daga 1912 zuwa yau, fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙanƙararsa ta tafi.