Sabis a cike, amma data ba ta tafiya

Tambaya: Assalamu alaikum. Shagona yana daf da Babbar Kasuwar Sakkwato. Da sassafe bidiyo kan buɗe nan take, amma daga azahar zuwa isha'i ko na'urar POS sai ta yi ta juyi, alhali sabis a cike yake. Laifin wayata ne? Mai karatu daga Mabera.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wayarka lafiyarta ƙalau. Sandunan sabis da kake gani a fuskar wayar ƙarfin sigina kawai suke nunawa, ba sa faɗin mutum nawa ne kuke rabon hanyar.

Galibi ƙarfen sabis fuska uku gare shi, kowace tana kula da digiri 120. A tsarin 4G, fuska ɗaya mai faɗin hanya megahaz 20 da eriya biyu gudun datarta wajen megabit 150 ne a daƙiƙa, shi ma a takarda. Wannan shi ne tuwon da duk wanda ke gabanta zai sa hannu. In waya 100 na ja lokaci guda, rabon kowa bai wuce megabit 1.5 ba. Wanda ke can ƙuryar shagon kwano kuma ya fi cin rabo, domin siginarsa mai rauni ce, sai an ba shi lokaci mai yawa kafin saƙonsa ya wuce.

Injiniyoyi kan fara da mai araha: a sunkuyar da eriya kaɗan don ta daina ɗebo mutanen nesa. Sai a ƙara zango, wato sabuwar hanyar iska da sigina ke bi. Megahaz 800 na zuwa nesa yana ratsa bango, 1800 da 2600 kuwa su ke ɗaukar cunkoso, kuma waya mai kyau tana iya haɗa biyu. In bai isa ba, a raba fuska uku zuwa shida, ko a kafa ƙananan tashoshi a cikin kasuwar. A ganinmu wannan na ƙarshe ya fi dacewa da wuri irin naku.

Akwai inda ake yawan mantawa. Dubi farar gangar da ke maƙale a jikin ƙarfen: ita ke miƙa data ta iska zuwa wani ƙarfen. In an jera tashoshi da dama a kan hanya guda, can ne ake shaƙewa, komai yawan eriyar da aka ƙara. Maganinsa wayar fayiba, a shimfiɗa ta zobe, yadda in motar aikin titi ta tsinke gefe ɗaya saƙo zai bi ɗayan. Zafin bazara da ke haura digiri 40 shi ma yana kashe batir da wuri; tasha ɗaya ta mutu, jama'arta su faɗa kan maƙwabciya.

5G kuwa, da hukumar sadarwa ta ƙasa NCC ta yi gwanjonsa a Disambar 2021 yana kan gigahaz 3.5, mai faɗi ne amma ba ya nisa.

Kai dai ka auna gudun data ƙarfe 6 na safe, 2 na rana da 8 na dare har mako guda, ka rubuta. Ka sa wa POS layin wani kamfani daban. Ka kai ƙorafi ga kamfaninka da waɗannan alƙaluma, in an yi shiru ka kira NCC a 622, kyauta ne.